Farfesa Ramachandran, akwatin madubi da rigimar taswirar ƙwaƙwalwa: me sabon bincike ya rushe, me ya bari?

A watan Agustan 2025 mujallar Nature Neuroscience ta fitar da wani bincike da ya ɗan rikita masu bibiyar labaran kimiyya, musamman waɗanda suka taɓa karanta irin littattafan ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa gama-garin mutane. Abin da binciken ya ce a taƙaice shi ne, in an yanke wa babban mutum hannu, wajen da ke kula da wannan hannun a ƙwaƙwalwarsa yana nan daram, ba ya gogewa, kuma fuska ko leɓe ba sa zuwa su mamaye wajen. To ai shekara wajen 30 kenan ana koyar da akasin haka, yana cikin littattafan jami'a, yana cikin lakcoci, kuma mutumin da ya fi kowa yaɗa wancan tsohon bayanin har ya isa kunnen wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba shi ne Farfesa Vilayanur S. Ramachandran, ɗan asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka.

Shi ya sa tambayoyi suka yi yawa. Wai ashe duk abin da ya faɗa ba haka yake ba? Maganin madubin nan da ya ƙirƙiro, wanda ake yi wa waɗanda aka yanke wa gaɓa da masu shanyewar ɓarin jiki, a daina kenan? Inda ruɗanin yake shi ne abubuwa uku aka cakuɗa wuri guda: abin da ya gani a jikin marasa lafiya, bayanin da ya bayar na dalilin faruwarsa, sai kuma maganin da ya fito da shi. Kowanne da irin hujjarsa, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Mutum ɗaya, aiki uku

An haifi Ramachandran a 1951 a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Mahaifinsa ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ne da ya yi aiki a Bangkok, don haka ƙuruciyarsa ta rabu tsakanin Indiya da Tailan. Likitanci ya fara karantawa a kwalejin Stanley da ke birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, kuma tun yana ɗalibi a 1972 ya buga takarda a mujallar Nature kan yadda idanu biyu ke haɗa hoto ya zama ɗaya mai zurfi. Daga nan ya wuce kwalejin Trinity ta jami'ar Cambridge a Ingila ya yi digirin digirgir, ya ɗan zauna a jami'ar Caltech ta Amurka, sai a 1983 ya samu kujera a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, inda daga baya ya shugabanci cibiyar binciken ƙwaƙwalwa da tunani.

Shekarunsa na farko duk a kan gani ya yi su, yadda ido ke ruɗuwa, yadda inuwa ke sa a ga abu kamar ya bulluƙo ko ya lotsa. Sai farkon shekarun 1990 ya juya zuwa marasa lafiya masu larurori na ban mamaki, kuma daga nan ne sunansa ya fita daga da'irar masana. Littafinsa Phantoms in the Brain da ya rubuta tare da 'yar jarida Sandra Blakeslee ya fito a 1998, BBC ta ba shi damar gabatar da lakcocinta na shekara-shekara da ake kira Reith a 2003, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Bhushan a 2007, mujallar Time kuma ta sa shi cikin mutum 100 mafi tasiri a 2011.

Ya kamata a bambance ayyukan nan uku, don sau da yawa ana ɗaukarsu abu ɗaya. Likita damuwarsa mara lafiyan da ke gabansa, in abu ya taimake shi to alhamdu lillahi ko da ba a san yadda aka yi ba. Mai binciken ƙwaƙwalwa kuwa damuwarsa dalili, kuma ba ya samun natsuwa sai an gwada a mutane da yawa, an kwatanta da waɗanda ba a yi wa komai ba, wasu masu binciken a wani wuri sun maimaita sun samu abu ɗaya. Shi kuma marubucin da ke rubuta wa jama'a labari yake buƙata, mai farko da tsakiya da ƙarshe, kuma labarin da ke cike da "wataƙila" da "ba a tabbatar ba tukuna" ba ya riƙe mai karatu. In mutum ɗaya ya haɗa ukun, wanda ke karatu ba ya iya gane a wane layi likita ke magana, a wane layi kuma marubuci ya karɓi alƙalami.

Salon Ramachandran sananne ne: kayan aiki masu arha, madubi, kwali, tsinken auduga na goge kunne, da mara lafiya ɗaya ko biyu masu larura ta daban. In aka ce masa mutum ɗaya ai ba hujja ba ne, yana da wata amsa da ya sha bayarwa, wai in ya kawo maka alade ya ce yana magana kuma aladen ya buɗe baki ya yi magana, ba za ka ce a kawo wasu aladun ba kafin ka yarda. Masu sukarsa kuma suka ce gaskiya ne, aladen ya nuna abin yana yiwuwa, amma bai gaya maka dalilin da ya sa yake magana ba, bai kuma gaya maka ko sauran aladu haka suke ba. Kusan duk rigimar da ke ƙasa a kan wannan gaɓar take.

Gaɓar da aka yanke amma ake ci gaba da jin ta

Yawancin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin kamar gaɓar tana nan. Mutum na jin yatsunsa, yana jin ƙaiƙayi a tafin ƙafar da babu ita, wani ma ya farka da dare ya manta ya sauko daga gado ya nemi takawa da ƙafar da aka cire. Wannan ake ce wa fatalwar gaɓa, kuma ba taɓin hankali ba ne. A fiye da rabin mutanen abin yana zuwa da ciwo, ƙuna, suka, ko jin hannun ya dunƙule ƙam farata na nutsewa cikin tafin hannu kuma mutum ya rasa yadda zai buɗe shi. Wannan daban yake da ciwon dungu, wato ciwon da ake ji a daidai inda aka yanke, duk da sau da yawa suna zuwa tare.

Ba sabon abu ba ne. Ambroise Paré, likitan sojan Faransa, ya bayyana shi tun ƙarni na 16. Wanda ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi yau shi ne Silas Weir Mitchell, likita a Philadelphia da ya kula da sojojin da suka rasa gaɓoɓi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wani abin lura shi ne shi ma Mitchell marubuci ne, kuma karon farko da ya fitar da maganar a 1866 ba a mujallar likitoci ya yi ba, a matsayin ƙagaggen labari ya buga ta a mujallar adabi ba tare da sunansa ba, har wasu masu karatu suka ɗauka gaske ne suka riƙa aika gudummawar kuɗi ga sojan da ke cikin labarin wanda babu shi.

Bayanin zamani ya faro ne daga Wilder Penfield, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Montreal ta Kanada. Yana yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, tunda ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafin yanka, sai ya riƙa taɓa wurare daban-daban a samanta da 'yar wutar lantarki mara ƙarfi yana tambayar mara lafiya me ya ji. A taɓa nan ya ce babban yatsana, a matsa kaɗan ya ce leɓena. A 1937 shi da Edwin Boldrey suka fitar da taswirar jiki da ke shimfiɗe a ƙwaƙwalwa. Rabon fili a taswirar nan ba bisa girman gaɓa yake ba, yatsu da leɓe sun kwashe fili mai yawa alhali gadon baya ɗan kaɗan ya samu, sannan jerin bai bi tsarin jiki sak ba, filin hannu maƙwabcin filin fuska ne.

An daɗe ana ganin taswirar nan in mutum ya girma ta daskare kenan. Sai a 1984 Michael Merzenich da abokan aikinsa suka nuna cewa in an cire wa biri yatsa ɗaya, bayan 'yan watanni ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke filin wannan yatsan suna fara amsawa in an taɓa yatsun da ke gefe. A 1991 kuma Tim Pons ya duba wasu birai da aka datse wa jijiyoyin ji na hannu shekara fiye da 10 kafin nan, ya tarar filin hannun yana amsawa in an shafi fuskar birin, kuma tazarar ta kai milimita 10 zuwa 14, wanda a ma'aunin ƙwaƙwalwa tafiya ce mai nisa.

Nan Ramachandran ya shigo. Tunaninsa mai sauƙi ne, biri ba zai iya faɗin abin da yake ji ba amma mutum zai iya. Ya samu wani matashi ɗan shekara 17 da ya rasa hannun hagu a haɗarin mota, ya rufe masa ido, ya riƙa shafa masa tsinken auduga a jiki. Da ya shafi kumatu yaron ya ce yana ji a kumatu kuma yana ji a babban yatsan da babu shi, leɓen sama ya ce manuniya, muƙamuƙi ya ce ƙaramin yatsa. Wato kamar an zana hannun gaba ɗaya a kan fuska. Bayaninsa shi ne filin hannu ya zama kango, saƙon fuska ya kwararo ciki, ita kuma ƙwaƙwalwa duk abin da ya motsa a wannan filin hannu take ɗaukarsa. A 1995 Herta Flor a Jamus ta ƙara wa ra'ayin ƙarfi da ta ruwaito cewa gwargwadon yadda taswirar ta gusa gwargwadon tsananin ciwon da mutum ke ji. Daga nan maganar ta zauna: ƙwaƙwalwa ta sake tsara kanta ba daidai ba, shi ke kawo ciwon.

Akwatin madubi: gani ya kori ji

Wasu daga cikin marasa lafiyansa sun ce fatalwar hannun nasu a sandare take, ba ta motsi, kuma ya lura da yawansu hannun ya yi watanni a shanye kafin a yanke. Sai ya yi hasashen cewa ƙwaƙwalwa ta koyi shanyewar ne, ta yi ta aika umarni a motsa ido kuma na gaya mata bai motsa ba har ta haƙura, bayan an yanke kuma darasin ya zauna. In haka ne, a nuna wa ido hannun yana motsi mana a gani.

Akwatin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwali ne buɗaɗɗen sama da madubi a tsaye a tsakiya, mutum ya sa lafiyayyen hannu ta gefen da madubin ke kallo, dungun kuma a bayan madubin, in ya leƙo sai ya ga kamar hannayensa biyu sun dawo, ya motsa mai lafiyar yana ƙoƙarin motsa fatalwar a lokaci guda. A takardar da ya buga a 1996 tare da matarsa Diane Rogers-Ramachandran, mutum 10 aka gwada, 6 sun ji fatalwar ta motsa, kuma cikin 5 masu fama da dunƙulewar hannu mai ciwo 4 sun samu sassauci. Akwai wani da ya yi shekara wajen 10 yana fama, bayan 'yan makonni yana atisaye a gida ya ce hannun fatalwar ya ɓace da ciwon gwiwar hannun duka, sai yatsu kawai yake ji a maƙale kusa da kafaɗa. Wannan labarin ne ya fi yawo a duniya, kuma mutum ɗaya ne.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a asibitin sojan Amurka na Walter Reed, aka buga a New England Journal of Medicine a 2007. Mutum 22 da aka yanke wa ƙafa aka raba gida uku, wasu da madubi, wasu da madubin da aka lulluɓe, wasu kuma su rufe ido su raya a ransu suna motsa ƙafar, minti 15 kullum har mako 4. Mutum 18 suka kai ƙarshe. Duk 6 da ke rukunin madubi sun ce ciwon ya ragu, a sauran rukunan biyu kuwa da yawa ciwon ƙaruwa ma ya yi. Sakamako ne mai kyau, amma mutum 6 ne fa, kuma babu yadda za a ɓoye wa mutum cewa shi ne aka ba madubin gaske, don haka ba a iya raba aikin madubi da aikin sa rai. Masu tattara gwaje-gwajen da aka yi daga baya yawanci abu ɗaya suke maimaitawa: akwai alamar amfani na ɗan lokaci, amma gwaje-gwajen ƙanana ne kuma ingancinsu bai taka kara ya karya ba.

Abin mamaki, inda hujjar ta fi ƙarfi ba a yankan gaɓa ba ne. A 1999 Eric Altschuler tare da Ramachandran suka gwada madubin a kan masu shanyewar ɓarin jiki, kuma zuwa 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen magani, ta haɗa bincike 62 da suka ƙunshi mutum 1,982 ta ce akwai hujja matsakaiciya cewa madubi na inganta motsin gaɓar da ta shanye da ayyukan yau da kullum, in an haɗa shi da sauran atisayen da aka saba.

To me sabon binciken ya yi daban?

Tun 2013 Tamar Makin, lokacin tana Oxford yanzu kuma tana Cambridge, ta fara jijjiga tsohon bayanin. Dabararta ita ce a daina taɓa leɓe kawai ana kallon inda ya haska a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a ce wa mutumin ya motsa fatalwar hannun da kansa. Da aka yi haka sai aka ga filin hannun yana aiki, kuma waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne ma filin nasu ya fi zama yadda yake. A 2016 rukuninta ya nuna jerin yatsu biyar ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasa hannu shekara fiye da 20.

Duk da haka akwai giɓi, domin kowane bincike na baya bayan an yanke gaɓar aka yi shi, sai a kwatanta mutum da wasu mutane daban ko da ɗaya ɓarin ƙwaƙwalwarsa. Binciken 2025, wanda Hunter Schone na jami'ar Pittsburgh ya jagoranta tare da Makin, ya samu mutum 3 da aka riga aka sa wa ranar yanke hannu saboda rashin lafiya. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu kafin tiyata suna motsa yatsu ɗaya-ɗaya suna kuma tsuke leɓe, aka sake bayan wata 3 da wata 6, ɗaya aka sake bayan shekara ɗaya da rabi, ɗaya bayan shekara 5. Taswirar hannu da ta leɓe kusan ba su gusa ba. Har ma manhajar kwamfuta da aka horar da hotunan kafin tiyata ta iya gane wane yatsan fatalwa mutum ke motsawa bayan tiyata.

To ya aka yi masana na baya suka ga akasin haka? Bayanin ɓangaren Makin shi ne filayen ƙwaƙwalwa ba su da katanga, tun asali filin hannu yana samun ɗan saƙo mai rauni daga fuska, sai dai saƙon hannun ya danne shi. Kamar ɗaki ne da wani ke magana da ƙarfi wani na raɗa a gefe, mai ƙarfin murya ya fita sai ka fara jin mai raɗa, ba wai yanzu ya shigo ba. Masu zana taswira a da kuma ƙa'idarsu ita ce duk gaɓar da ta fi sa waje amsawa ita ke da wajen, tunda babu hannun da za a taɓa dole wajen ya faɗa hannun fuska a kan takarda. Su Makin sun kuma ja hankali cewa ba kowa ke jin yatsu a fuska ba, kaɗan ne, kuma yadda mai bincike ya yi tambaya na iya sa mutum ya fara jin abin da ake tsammanin ya ji.

Ɗaya ɓangaren ma yana da abin cewa. Mutum 3 ba su da yawa, kuma zargin ƙarancin adadi da aka yi wa Ramachandran yana hawa kan wannan ma, ko da yake bin mutum ɗaya kafin da bayan tiyata ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. MRI jini take bi ba ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya-ɗaya ba, ƙananan canje-canje na iya wuce ta. Abin da aka auna a birai da siraran wayoyin lantarki da aka sa a cikin ƙwaƙwalwa kuma ba mafarki ba ne, sai dai wani bincike da aka yi a Indiya a 2014 ya nuna cewa canjin na faruwa ne can ƙasa, a tushen ƙwaƙwalwa inda take haɗuwa da laka, saman kawai yana nuna abin da aka turo masa ne. Kuma in za a yi adalci, shi kansa Ramachandran tun a wancan lokacin ya ce saurin da abin ke bayyana ya fi kama da buɗewar hanyoyin da dama suna nan a kan tsirowar sababbi. Wato tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai yadda kanun labarai ke nunawa ba. Abin da ya faɗi ƙasa sosai shi ne hoton nan mai daɗin bayarwa na fuska ta ci filin hannu da yaƙi kuma wannan ne tushen ciwo.

Akwai ma ra'ayi na uku da ke cewa a bar ƙwaƙwalwa a koma jijiya. Jijiyar da aka datse ba ta mutuwa, bakinta na yin ƙulli, kuma ita da tarin ƙwayoyinta da ke gefen laka suna ci gaba da harba saƙo barkatai. A 2014 wasu likitoci a Albaniya tare da Marshall Devor na Isra'ila suka ruwaito cewa allurar kashe zafi a wannan tarin ƙwayoyin tana ɗauke ciwon fatalwa na ɗan lokaci. In taswirar hannu tana nan lafiya, kuma jijiya na turo mata hayaniya, ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ciwo a hannun da babu shi.

Ƙwayoyin madubi, inda alƙalami ya riga bincike

Kada a haɗa ƙwayoyin madubi da akwatin madubi, suna ne kawai ya zo ɗaya. A farkon shekarun 1990 Giacomo Rizzolatti da abokansa a Parma ta Italiya suka gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da ke harbawa in birin ya ɗauki abu, su kuma harba in ya ga wani ya ɗauka. Ba Ramachandran ya gano su ba, amma a 2000 ya rubuta cewa za su yi wa ilimin halayyar ɗan Adam abin da gano DNA, wato sinadarin gado, ya yi wa ilimin halittu, ya danganta su da koyi, harshe, tausayi, har da tasowar wayewa. A 2006 shi da Lindsay Oberman suka yaɗa ra'ayin cewa larurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, ta samo asali ne daga lalacewar waɗannan ƙwayoyin.

Ƙwayoyin dai akwai su, an ma auna irinsu kai tsaye a mutane a 2010 lokacin da ake yi wa masu farfaɗiya gwaji. Amma da Antonia Hamilton ta tattara bincike 25 a 2013 ta ce hujjar lalacewarsu a otizim ba ta da ƙarfi, Gregory Hickok kuma ya yi littafi guda a 2014 yana warware manyan iƙirarin. Masu kare Ramachandran na cewa shi da bakinsa yake faɗin hasashe yake yi, kuma hasashe mai ƙarfin hali ke sa wasu su tashi su gwada. Masu suka na cewa kalmar "ina hasashe" tana faɗuwa a hanya, abin da ke isa ga iyayen yaro mai otizim ko malamin makaranta shi ne "masana sun gano".

Me wannan ke nufi ga mai fama da larurar?

Ga wanda aka yanke wa gaɓa, sabon binciken bai ce ciwonsa ba gaskiya ba ne, ƙara tabbatar da shi ma ya yi, tunda ga filin hannun nan ana ganinsa yana aiki. Bai kuma gwada madubi ba sam, don haka bai ce yana aiki ko ba ya aiki ba. Magani na iya yin amfani ko da bayanin da aka fara bayarwa a kansa ya zo da kuskure, hakan ya sha faruwa a tarihin likitanci. Madubi ba shi da tsada, haɗarinsa kaɗan ne, amma ba kowa yake yi wa ba, wasu na jin jiri ko tashin zuciya, wasu kuma ganin gaɓar da suka rasa na tayar musu da baƙin ciki, kamar yadda ya faru da mutum 2 a gwajin Walter Reed. Shi ya sa ya fi kyau a fara shi a hannun likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye, kuma in ciwon na tsananta ko dungun ya kumbura ko yana zafi in an taɓa wani waje guda, a koma asibiti a duba jijiyar da raunin kansa.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki kuwa rigimar nan kusan ba ta shafe shi ba, hujjar madubi a wajensa daga gwajin marasa lafiya ta fito ba daga taswirar Penfield ba, kuma ƙari ne a kan atisaye ba madadinsa ba. Haka nan babu wanda ya ce ƙwaƙwalwa ba ta canzawa, koyo kansa canji ne, kuma waɗanda aka haifa babu hannu taswirarsu ta bambanta da ta wanda ya rasa shi da girma. Gardamar a kan iyakar canjin take, ko wani fili zai iya barin aikinsa ya koma wani aiki daban bayan mutum ya girma.

Inda ake sa ran ganin tasiri nan gaba wuri biyu ne. Masu ƙera hannun roba da ake sarrafawa da saƙon ƙwaƙwalwa labarin ya yi musu daɗi, don in taswirar ba ta gogewa to ko bayan shekaru ana iya karanta umarnin kowane yatsa daga inda yake tun asali. Likitocin tiyata kuma hankalinsu na ƙara komawa kan yadda ake barin jijiya lokacin yanka, akwai dabarar da ake ɗinke bakin jijiyar da aka datse a jikin wata ƙaramar jijiyar tsoka don ta samu inda za ta tafi maimakon ta yi ƙulli, kuma gwaje-gwajen farko sun nuna tana rage ciwo.

Sauran aikin shi ne a maimaita gwajin kafin-da-bayan a mutane da yawa, kuma nan akwai wahala ta gaske. Yawancin yankan hannu haɗari ke kawo shi, babu wanda ya san ranar balle a ɗauki hoto tun kafin nan. Yankan ƙafa ne aka fi tsarawa a sa rana, amma mafi yawan masu shi ciwon suga ko toshewar hanyar jini ya kai su, kuma jijiyoyinsu sun riga sun yi shekaru suna lalacewa kafin a kai ga wuƙa, don haka ko an ɗauki hoton "kafin" ba lallai ya zama na lafiyayyar ƙafa ba.